Ƙwarin ƙura a ɗakin kwana: wace shawara ce ta dace da gidajen Yamai da Tawa?

Uwar ƴan biyu, Harobanda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana harkar lafiya da kuma waɗanda suka taɓa fama da irin wannan matsala a gidajensu. Ɗaya daga cikin tagwayena yana da asma, kuma gwajin fata da likita ya yi masa ya nuna cewa jikinsa ba ya shiri da ƙwarin nan akariyan, masu zama cikin ƙurar gida. An ba ni takardar shawarwari, amma da na karanta sai na ga kamar don gidajen Faransa aka rubuta ta: a wanke zannuwan gado a injin wanki da ruwa mai zafin digiri 60, a sayi rigar katifa ta musamman, a riƙa share ɗaki da injin zuƙe ƙura, a kuma hana laimar ɗaki wuce kashi 50 cikin 100. Ni ba ni da injin wanki, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne batun laima, domin mu da leɓɓanmu suke tsagewa saboda bushewar iska, ina muka ga laimar da za mu rage? Ina son a rarrabe mini abin da ya shafe mu daga abin da za a iya bari.

Tsohon malamin lekol, Tawa

Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba yaro lafiya. Ni dai ban gamsu ba cewa wani ƙwaro da ido ba ya gani shi ne yake hana yaranmu numfashi, alhali ga ƙura nan kowa yana ganinta. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta zuba mana ita har cikin kwanon tuwo. A nan Adar akwai ranakun da mutum ba ya hango ƙarshen layinsu saboda hazo, kuma a irin waɗannan ranaku ne nake ganin masu asma suna cika gidan likita. Mun tashi muna kwana bisa tabarmar kaba da gadon kara, ba mu taɓa jin an ce a dafa zanen gado ba. Tsorona shi ne kada a ɗora wa iyaye wahala da kashe kuɗi a kan cutar wata ƙasa, a bar wadda take gabanmu.

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Baba, maganarku a kan hunturu gaskiya ce, babu ma'aikacin lafiyar da zai musa ta, sai dai abubuwa biyu ne daban waɗanda suke iya haɗuwa a ƙirjin yaro ɗaya. Ƙurar hunturu tana damun hanci da huhun kowa, mai alerji da marar alerji. Shi kuwa ƙwaron ƙura ba ya cutar da kowa sai wanda jikinsa ya ɗauke shi abokin gaba, kuma gwajin da aka yi wa yaron nan ya nuna yana cikin waɗannan.

Tsawon ƙwaron bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, ƙafafunsa takwas, dangin gizo-gizo da kaska ne. Ba ya cizo, ba ya shan jini, saboda haka kada a rikita shi da kuɗin cizo, wanda shi ana ganinsa kuma yana barin tabo a jiki. Abincinsa shi ne ɓawon fatar da yake zuba daga jikinmu dare da rana, shi ya sa ya fi yawa a inda muke daɗewa kwance: katifa, matashin kai, bargo, kujerun kushin da darduma. Abin da yake tayar da ciwon kuwa kashinsa ne da ɓurɓushin gawarsa. Ƙwaro ɗaya yana fitar da ƙwayoyin kashi kimanin 20 a yini, kuma a cikinsu akwai sinadarin narkar da abinci wanda yake taɓa fatar cikin hanci da hanyoyin numfashi. Tun a shekarar 1964 wasu masana a Leiden ta ƙasar Holan suka gano cewa wannan ƙwaro ne tushen abin da ake kira alerjin ƙurar gida.

Waɗannan ƙwayoyi suna da ɗan nauyi, ba sa daɗewa suna yawo cikin iska kamar hazo. Suna tashi idan an kakkaɓe gado ko yaro ya yi tsalle a kai, cikin ɗan lokaci kuma su koma su kwanta. Yaro yana shaƙarsu ne lokacin da ya tusa fuskarsa cikin matashi har gari ya waye, shi ya sa alamun suka fi fitowa da dare da kuma asuba: atishawa a jere da zarar ya farka, majina mai ruwa-ruwa, ƙaiƙayin ido, tarin da yake tashinsa daga barci. Game da laima kuwa, ƙwaron ba ya shan ruwa da baki, daga iska jikinsa yake tsotsa. Idan laimar iska ta kai kashi 70 zuwa 80 yana hayayyafa sosai, idan kuma ta daɗe ƙasa da kashi 50 sai ya bushe ya mutu.

Tsohon malamin lekol, Tawa

To ɗiyata, ai da bakinki kika ba ni gaskiya. Idan bushewar iska tana kashe shi, a garin da ake shanya riga kafin a gama wanke wando ta bushe, ina zai sami wurin zama?

Mai gyaran sanyi, Talaje

Baba, ku yi mini izini in amsa wannan, domin aikina ke nan: gyaran kilim (na'urar sanyaya ɗaki) da firigo da imidifikater (mai sanyaya iska da ruwa). Iskar titi daban, iskar ɗakin kwana daban. Yau da wuya ka shiga unguwa a Yamai ba ka ga imidifikater maƙale a taga ko tsaye a kusurwar ɗaki ba, saboda ya fi kilim arha kuma ba ya cin wuta da yawa. Yadda yake aiki shi ne yana jawo busasshiyar iska ta ratsa ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan ya bi iskar, sai ta yi sanyi. Wato sanyin da ake ji, laima ce aka ƙara wa ɗakin. Kilim kuwa akasin haka yake yi, tsotse ruwa yake daga iskar ɗaki, kuma shi ne ruwan da kuke gani yana ɗiga daga tiyonsa a bayan gida.

An ƙera imidifikater ne don a bar taga ko ƙofa a ɗan buɗe, iska mai laima ta riƙa fita, amma yawancin gidajen da nake shiga rufe ko'ina suke yi ruf, wai kada sanyi ya gudu. Ina shiga irin wannan ɗaki da safe nake gane shi tun daga bakin ƙofa: zanen gado yana da ɗan sanyin jiƙa idan ka taɓa, madubi ya yi hazo, ƙusoshin da aka rataye labule sun yi tsatsa, ga wani wari kamar na kayan da aka naɗe ba su gama bushewa ba. A waje laima tana iya sauka ƙasa da kashi 20, amma a wannan ɗaki damina ce take tafiya har cikin watan Afrilu. Shawarata ga Madam ita ce idan tana da shi a ɗakin yaron, ta riƙa barin taga a buɗe, ta kashe shi da safe ta bar ɗakin ya sha iska, idan damina ta sauka kuma ta kashe famfon ruwan ta bar shi yana aiki kamar fanka, tunda a lokacin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, sanyin da yake bayarwa kaɗan ne. Akwai ƴar na'urar auna laima mai aiki da batir, girmanta bai wuce agogon tebur ba. Ita ce za ta faɗi gaskiyar ɗakin, ba jin jiki ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Malam ya taɓo wurin da ya fi muhimmanci a wurinmu. Wasu binciken da aka yi a busassun jihohin yammacin Amurka, inda a da ake ganin ƙwaron ba ya iya zama, sun same shi ya fi yawa a gidajen da suke amfani da irin wannan na'ura. Kuma ba sai laimar ta kasance dare da rana ba, ƴan sa'o'i a kowace rana sun ishe shi ya sha ya rayu. Ko babu na'ura ma, gumin mai barci da numfashinsa suna jiƙa katifa fiye da yadda ake zato.

Sai kuma damina. Ruwan da Yamai take samu a shekara, wajen milimita 500 zuwa 600, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, kuma a watan Agusta laimar safiya tana haura kashi 70 cikin sauƙi. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kimanin wata ɗaya ne, mace ɗaya kuma tana saka ƙwai gommai, saboda haka watanni uku ko huɗu sun isa katifa ta cika. Idan rani ya shigo yawancinsu suna mutuwa, gaskiya ne, amma kashinsu da gawarsu suna nan cikin soso watanni da yawa ba su rasa ƙarfinsu ba, kuma akwai ƙananan da suke lafewa su jure fari har ruwa ya dawo. Tawa ta fi Yamai bushewa, don haka ina ganin a gidan Baba matsalar za ta fi sauƙi. Amma Madam tana Harobanda ne, kusa da kogi, kuma unguwannin bakin kogin Isa kamar Lamorde da Kirkisoye da Saga, waɗanda ambaliyar 2020 ta shiga, akwai gidajen da ƙasan bangonsu ba ya rabuwa da danshi. Katifar da ta taɓa jiƙewa da ruwan ambaliya bai kamata mai asma ya ci gaba da kwana a kanta ba, domin bayan ƙwari akwai funfuna, ita ma tana tayar da ciwon.

Alhaji mai katifa, Katako

Na ga magana tana neman komawa kan soso, to bari in faɗi abin da na sani a kansa. Matan gida da yawa suna fitar da katifa tsakar gida su bar ta a rana tun safe har la'asar, kuma na san za a ba Madam wannan shawara. Shanya tana da kyau, amma idan aka cire wa soso rigarsa aka bar shi tsirara a ranar watan Afrilu, yana yin ja, ya fara marmashewa, sai ka ga gari yana zuba idan ka murza. A bar shi cikin rigarsa, a jingina shi da bango yadda iska za ta ratsa ɓangarorin biyu, a juya shi. Kuma kada a shimfiɗa katifa kai tsaye a kan daɓen siminti a lokacin damina, domin sau da yawa ana kawo mini ita in ɗaga in ga ƙasanta ya yi baƙi-baƙi. Gado mai katakai a jere, wanda iska take bi ta ƙarƙashinsa, ya fi.

Game da rigar musamman da aka rubuta mata, idan ba ta samu ba, ko kuma kuɗinta ya yi yawa, akwai sikayi, ledar nan mai kauri da ake yi wa katifun gidan likita. Duk mai ɗinkin kujeru zai iya ɗinka mata ita da zif ta rufe katifar gaba ɗaya. Tambayata ga Malama ita ce ko hakan zai yi aikin da ake so.

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Zai yi, Alhaji, domin manufar rigar ita ce ta raba hancin yaro da abin da ke cikin soso, ta kuma hana sababbin ƙwari shiga. Rigar da ake sayarwa don wannan aiki yadi ne mai matsattsiyar saƙa, ramukansa ba su kai mikiron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, iska tana wucewa amma kashin ƙwaron ba ya wucewa. Leda ba ta da rami ko ɗaya, saboda haka tana tarewa, aibinta kawai zafi da gumi, wanda a garinmu ba ƙaramin aibi ba ne. Maganinsa a shimfiɗa zanen auduga mai kauri ko biyu a kai, a riƙa wanke su kowane mako, ledar kuma a goge ta da tsumma mai laima. Matashin kai ya fi katifa kusa da hanci, don haka da shi ya kamata a fara. Tsohon matashin audugar rimi da ya shekara da shekaru ba a taɓa wanke shi ba, gara a canza shi da wanda yake wankuwa, a yi masa matsattsiyar riga.

Rana kuma tana kashe ƙwarin da ke cikin abu marar kauri kamar darduma, bargo da zane idan sun sha ta sa'o'i da yawa. A katifa mai kauri kuwa suna iya nutsawa can ciki inda zafi bai kai ba, don haka ribar shanyarta ita ce busar da ita. A tuna kuma cewa mataccen ƙwaro yana tayar da alerji kamar rayayye, saboda haka bayan shanya sai an kakkaɓe ko an wanke, kuma a yi hakan a waje lokacin da yaron yake lekol.

Inna mai wanki da guga, Bukoki

Ɗiyata mai tagwaye, batun digiri 60 ba sai da inji ba. Ki tafasa ruwa tukunya ɗaya, ki zuba a babbar roba, ki ƙara ruwan famfo daidai wannan awo, ki tsoma zannuwan ki danna su da muciya ki rufe, ki bar su kamar kwata na awa kafin ki wanke da sabulu yadda kika saba. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne yara, kada ɗayansu ya kusanci wurin, domin ƙunar ruwan zafi ta fi tarin muni. Atamfa mai zuba kuma kada ki haɗa ta da farin zane.

Uwar ƴan biyu, Harobanda

Na gode Inna. Malama, ko wannan haɗi yana kai zafin da ake buƙata? Sannan gas yana da tsada, anya dole ne kowane mako sai an tafasa ruwa?

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Lissafin Inna daidai ne. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne, na famfonmu yana wajen 30, idan aka haɗa su awo ɗaya ana samun kimanin 65, robar da zannuwan su sha kaɗan, a sauka kusa da 60, kuma daga digiri 55 zuwa sama ƙwarin suna mutuwa. Amma ki kwantar da hankalinki, wanki da ruwan sanyi da sabulu ma yana fitar da mafi yawan kashin, tunda yana narkewa a ruwa, abin da ba ya yi kawai shi ne kashe ƙwarin duka. Idan kika wanke da ruwan sanyi, kika shanya a tsakiyar rana har zanen ya yi zafi, kika bi shi da guga, kin cim ma kusan abin da ake nema. A ganina ki ajiye tafasa ruwa don watannin damina, lokacin da rana take ɓuya kuma ƙwarin suke yawaita. Ƴar tsanar yadi da yaro yake runguma idan ba ta jure ruwan zafi, a ɗaure ta a leda a sa a kwanjilater, wato firigon ƙanƙara, ta kwana ta wuni, sannan a wanke.

Ɗalibin likitanci, Lamorde

Yaya, da girmamawa, ina ganin ya kamata a gaya wa jama'a cewa masana ba su haɗu a kan amfanin waɗannan matakai ba. A shekarar 2008 ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken likitanci ta tattara gwaje-gwaje sama da 50 da aka yi a kan hanyoyin rage ƙwarin ƙura, na rigar katifa da na magungunan feshi da sauransu, ta kammala da cewa ba a ga sun kyautata asmar waɗanda aka gwada a kansu ba. Abin da nake gudu shi ne uwa ta ƙare ƙarfinta a wanki da shanya, ta ɗauka ta yi magani, ta daina ba yaro abin shaƙarsa na kullum. Wanda ake shaƙa idan numfashi ya toshe, kamar Ventoline, buɗe hanya kawai yake yi na ɗan lokaci. Wanda yake kwantar da kumburin hanyoyin numfashi shi ne na kullum mai kotizon, kuma shi ne iyaye suka fi saurin ajiyewa da zarar yaro ya ji sauƙi.

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Ƙanena, a kan magani babu saɓani tsakaninmu, duk abin da muke faɗa a nan ƙari ne a kan abin da likita ya rubuta, ba madadinsa ba. Kuma yaron da yake haki har ba ya iya gama magana, ko haƙarƙarinsa suna lotsawa idan ya ja numfashi, ko leɓɓansa suka canza launi, ba a jira safiya, a kai shi asibiti a lokacin. Amma game da wancan nazari, da yawa daga cikin gwaje-gwajen mataki ɗaya tak suka gwada, wasunsu ma ba su yi nasarar rage ƙwarin ba tun farko, to yaya za a ga sauƙi? Bayansa, a 2017, an wallafa wani gwaji da aka yi a yankin Manchesta ta Ingila a kan yara masu asma waɗanda aka tabbatar suna da alerjin ƙwaron. Cikin waɗanda aka rufe wa katifa da matashi da bargo da rigar gaske, kimanin 29 cikin 100 ne suka koma asibiti da tashin ciwo a cikin shekara, a ɗaya rukunin kuwa kimanin 42. Fahimtata ita ce matakan ba na kowane mai asma ba ne, na wanda gwaji ya nuna ne, kuma a haɗa su tare ake yi, a fara da gado.

Ɗalibin likitanci, Lamorde

Na yarda da sharaɗin gwaji, amma ina nan a kan bakana cewa hujjar ba ta kai ƙarfin da takardun shawarwari suke nunawa ba, kuma yawancin waɗannan gwaje-gwaje da muke ambata a ƙasashe masu laima aka yi su. Abin da ya sa ba zan hana ba shi ne hanyoyin da aka kawo a nan, wanki da shanya da buɗe taga, ba su da tsada kuma ba su da illa. Inda zan hana shi ne a ce talaka ya ci bashi ya sayi na'urar tace iska saboda wannan ƙwaro, tunda kamar yadda kika ce kashinsa ba ya zama cikin iska balle na'urar ta kama shi.

Hajiya mai kayan ɗaki, Wadata

Duk kun yi magana a kan gado kun bar ɗakin kansa. Ni sana'ata jeren amare, kuma na san abin da ake cusawa a ɗaki ɗaya: moket daga bango zuwa bango, darduma a kan moket, labule mai hawa biyu, kujerun kushin, ƙananan matasai goma sha, da barguna naɗe a saman sif. Babu uwar da za ta yarda a ce ɗakin ɗiyarta ya fito fayau, ni ma ba zan so kasuwata ta mutu ba, amma ɗakin da mai asma yake kwana ba falon baƙi ba ne. A mayar da ado falo, a bar ɗakin yaro da karo ko siminti mai santsi, da tabarmar roba wadda ake iya fitarwa a watsa mata ruwa, da labule marar nauyi mai wankuwa. Moket ɗin da aka manna da gam babu yadda za a yi a shanya shi, kuma tsintsiya ba ta fitar da abin da ke cikinsa, tayar da shi kawai take yi. Barguna da dardumar gwanjo kuma, waɗanda suka fito daga ƙasashen sanyi cikin dila, a wanke su kafin su shiga ɗaki.

Ina da tambaya ni ma. Wata maƙwabciyata ta ce tana yayyafa piya-piya a katifa da ƙarƙashin gado, wai yana kashe kowane irin ƙwaro. Ko zai yi wa wannan?

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Hajiya, don Allah ki hana ta. Piya-piya guba ce ta feshin gona, ba a yi ta don ɗakin kwana ba, tana shiga jiki ta fata da ta numfashi, kuma tana iya halaka yaro mai lafiya balle mai asma. Ko da ta kashe ƙwarin, kashinsu yana nan, ba a rage komai ba sai ƙarin haɗari. Haka maganin sauro mai hayaƙi da turaren wuta, duk suna tayar da tari a ƙirjin da ya riga ya kumbura. Sange shi ne kariyar yaro daga masassarar cizon sauro, kada a cire shi da sunan yana tara ƙura, amma a lura hukuncinsa ya saɓa wa na zanen gado: ba a sa shi a ruwan zafi, ba a shanya shi a rana, domin maganin da ke jikinsa yana lalacewa. Ruwan sanyi da sabulun wanki na gari, a hankali, a shanya a inuwa, kuma ba kowane mako ba, tunda an yi shi ne ya jure wanki kimanin 20.

Shara kuma, dabarar iyayenmu ta yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya tana nan da amfaninta, amma a kan karo tsumma mai laima ya fi, a bar taga a buɗe har ƙasa ta bushe. Yaron kada ya shiga sai bayan kamar rabin awa.

Tsohon malamin lekol, Tawa

Har yanzu ina ganin a nan wajenmu hazo ne babban mai laifi, amma na lura da wani abu cikin bayaninku: tabarmar da ake naɗewa da safe, da kwanan tsakar gida lokacin bazara, da fitar da shimfiɗa rana, duk abubuwan da kuke shawarta ne, mu kuwa muna yinsu ba da sanin ƙwaro ba. Abin da ban ji kun taɓa ba shi ne hatsi. A gidaje da yawa na Tawa da ƙauyukan Keita da Illela, bayan kaka ana jibge buhunan gero da wake a ɗakin da yara suke kwana, saboda tsoron ɓarayi ko rashin wuri. Ko wannan yana da alaƙa da maganar?

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

Yana da ita, Baba. Akwai dangin wannan ƙwaro da suke rayuwa cikin ajiyayyen hatsi da gari da dusa da harawa, su ma suna haddasa atishawa da asma, kuma an fi sanin matsalar a wurin manoma da masu aikin sito. Ga shi kuma buhuna suna jawo kyankyasai da ɓeraye, waɗanda su ma kashinsu yana tayar da alerji, sannan sau da yawa an zuba wa waken maganin ƙwari mai ƙarfi. Inda akwai rumbu ko wani ɗaki, a mayar da su can. Inda babu, a ɗora su a kan katako nesa da shimfiɗa, wake kuma a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki ko a jarka mai murfi, wanda ba ya buƙatar magani.

Alhaji mai katifa, Katako

Saura tambaya ɗaya da masu saye za su yi mini. Wanda yake son ya rufe tsohuwar katifa da sikayi, yaushe ya fi dacewa ya yi, kuma ko sabuwa ma tana buƙata?

Ma'aikaciyar jinya, Yantala

A yi shi a watan Afrilu ko farkon Mayu, Alhaji, lokacin da soso ya fi bushewa, bayan an shanya shi sosai, domin idan aka rufe shi da danshi a ciki funfuna zai yi. Idan buƙata ta taso a tsakiyar damina, a jira ranar da rana ta buɗe, a tabbatar ya bushe har ciki. Sabuwar katifa kuwa ƴan watanni take yi kafin ƙwari su kama ta, don haka ga mai alerji gara a rufe ta tun ranar da aka kawo ta. Ka gaya wa mai ɗinkin ya sa zif ɗin ta wajen ƙafafu, ya kuma yi masa leɓen da zai rufe haƙoransa.